A Tambayi Masu Fita

Kowace shekara, da zarar an ajiye alƙalamin NECO, sai a kafa rumfa, a jera manyan baƙi, a miƙa wa shugaban ɗalibai jawabin da wani malami ya rubuta masa. Ya karanta, a tafa, a watse. Yaron da ya shekara shida a kan benci, ko a ƙasa, babu mai tambayarsa abin da ya gani.

Mu da muka koya musu baƙi da wasali a firamare mun tambaye su. Wata yarinya daga Unguwa Uku, mai burin aikin jinya a Asibitin Malam Aminu Kano, cewa ta yi a ba ƙannenta kwamfuta su taɓa. Tun 2015 da kwamfuta ake rubuta JAMB, ita kuwa zanenta kawai ta gani a allo. Wani ya ce a koyar da aikin lantarki da hannu, kada tasha ta zama ajinsa na gaba. 'Yan mata sun nemi banɗaki mai ƙofa da ruwa.

Za a ce yara ne, me suka sani? To, da yawansu sun cika shekara 18, doka ta yarda su zaɓi gwamna.

Mun yi maraba da dokar ta-ɓaci kan ilimi da gwamnatin Kano ta ayyana a Yunin 2024. Yanzu reshenmu ya tsaya kai da fata: kowace sakandare a Tarauni ta zauna da 'yan aji shida kafin walimar yaye su, a rubuta maganarsu yadda suka faɗe ta, a kai ma'aikatar ilimi.