Kalmomin kaɗi na tafiya tare da masu su

Yara da yawa a Maraɗi da Damagaram sun iya cewa jikin wane na rawa kamar mazari, amma kaɗan ne daga cikinsu suka taɓa ganin mazari yana juyawa a taskira. Karin maganar ta rayu, abin da ya haife ta kuwa yana gab da ɓacewa. Wannan hasara ce ta harshe, kuma ɗaliban kimiyyar harshe ne ya fi cancanta ta dama.

Sana'ar kaɗi rumbun kalmomi ce. Mace takan gurje auduga bisa magurji don fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa, ta naɗa sutu. Sannan ta shafa alli a yatsu, ta murza mazarin da gululu ya ba nauyi. In zaren ya fito da kauri, abawa ke nan. In siriri ne mai kyau, arafiya. Kowane mataki da sunansa, kowane suna da darasin nahawu a cikinsa. Ga ɗafa-goshin ma- mai gina sunan kayan aiki, ga kuma ganɗantawar da ta mai da z ta koma j, daga gurza zuwa magurji. Ga bambancin karin harshe: abin da Bakano ke kira auduga, a Gobir da Adar kaɗa ne.

Wasu za su ce ƙamusun Bargery na 1934 ya riga ya tattara waɗannan kalmomi. Ya tattara da dama, amma galibin aikinsa a arewacin Najeriya aka yi shi. Kuma takarda ba ta nuna yadda yatsa ke jan zare, ba ta jiyar da muryar tsohuwa lokacin da take gyara wa jikanyarta riƙon mazari.

Atamfa da gwanjo sun ci kasuwa, ƴan mata sun daina koyon kaɗi, masu iyawa kuma shekaru sun ja. Ya kamata ɗaliban Yamai, Tawa, Maraɗi da Damagaram su yi amfani da hutunsu: kowa ya koma garinsu da wayar salula, ya nemi izini, ya ɗauki murya da hoto, ya rubuta kowace kalma da karin sautinta da tsawon wasalinta. Aiki ne da ba ya cin kuɗi. Jinkiri ne kawai zai sa shi tsada, domin ranar da aka binne makaɗiyar ƙarshe ta wani ƙauye, babu sauran wanda za a tambaya.