A Fara Daga Bakin Ɗalibi

Wani matashi Bahaushe daga Garwa, wanda ke shekara ta biyu a sashen Sifaniyanci na wata jami'a a Kamaru, ya aiko mini da wasiƙa a makon nan, haɗe da hoton jadawalin darasin ilimin furuci da suka yi, da kuma muryarsa da ya naɗa yana karanta wasu jimloli. Ya faɗi jarrabawar baka. Tambayarsa ita ce ko kunnensa ne ke da matsala, domin malaminsu ya gaya masa cewa akwai mutanen da Allah bai ba su kunnen koyon harshe ba. Na saurari muryar, na duba jadawalin, raina ya ɓaci, kuma har yanzu da nake wannan rubutu bai huce ba.

Kunnen yaron nan lafiyarsa lau. Jadawalin ne aka kwafo daga littafin da aka rubuta domin wani ɗalibi daban. Duk marubucin littafin koyar da furucin Sifaniyanci yana da ɗalibin da yake gani a zuciyarsa. Wanda ya rubuta domin mai jin Turanci yakan ƙarar da babi guda yana lallashinsa ya daina cinye wasulan da ba a ƙarfafa ba, ya daina sakin iska bayan p da t da k. Wanda ya rubuta domin Bafaranshe yakan ce masa ya ciro r daga maƙogwaro ya kawo ta bakin harshe, ya daina bi da wasali ta hanci, ya daina jibga ƙarfi a gaɓar ƙarshe ta kowace kalma. Littafin José Ignacio Hualde na 2005, The Sounds of Spanish, littafi ne nagari da nake ba kowa shawarar ya nema, amma yawancin kwatancensa da Turanci ne, domin su ya rubuta wa. Laifin na wanda ya ɗauko irin wannan tsari ne ya shimfiɗa wa ɗan Garwa ba tare da ya tambaye shi harshen da ya sha a nono ba.

Ku duba abin da Bahaushe ya riga ya shigo aji da shi. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a, e, i, o, u, kuma su ne namu. Harafin ñ da ake yi wa dogon bayani dab yake da sautin da ke tsakiyar "hanya". Abin da suke rubutawa ch shi ne c namu na "ciki". Haruffan b da v sauti ɗaya ne a bakinsu, don haka abin da malaman Turanci suka yi ta dukanmu a kansa a firamare, a nan daidai ne. Sai kuma r, wadda ta cinye makonni a jadawalin yaron. Sifaniyanci yana bambanta pero da perro, da caro da carro, ɗaya bugu guda ɗaya na bakin harshe a hanƙa, ɗaya kuma garawa. Mu ma muna da r iri biyu, ra-gare da ra-kaɗe, kuma yaron goye ma ya san baran sarki daban, bara da almajiri ke yi daban. Wanda ya iya cewa "sharri" ya gama da perro. Abin da kawai ya kamata a gaya masa shi ne ya ajiye ra-kaɗe ta "ruwa" da "rana" a gida, domin babu ita a can, ya kuma koyi sassauta ra-gare zuwa bugu ɗaya idan harafin ɗaya ne a tsakiyar kalma. Aikin rana guda ne.

Amma dukiyar da ta fi ba ni takaicin yadda ake watsar da ita ita ce tajwidi.  Yaron da ya zauna gaban malamin tajwidi ya riga ya yi ilimin furuci, ko da ba a taɓa kiran abin da wannan suna a gabansa ba. An nuna masa mafitar kowane harafi, an ce wannan daga ƙarshen maƙogwaro, wannan daga tsakiyarsa, wannan bakin harshe da haƙoran sama. An sa shi ya maimaita har ya ji bambancin a bakinsa kafin ya ji a kunnensa. Da yawa daga cikinmu mun taso muna karanta ث kamar s, muna karanta ذ kamar z, har sai da malaman tajwidi da alƙalan musabaƙa suka gyara mana. To ga abin da littattafan Faris da Landan ba za su taɓa gaya wa ɗalibinmu ba. Sautin z na mutanen Madrid, wanda ke cikin zapato da cielo, shi ne ث. Sautin j na jamón da Juan shi ne خ. Idan d ta faɗo tsakanin wasula biyu, kamar a cada, takan yi laushi ta koma kusa da ذ, sai dai ta fi ta sauƙi. Haka g a lago takan matso kusa da غ. Waɗannan sautuka huɗu suna cikin waɗanda suka fi wahalar da ɗalibai a duniya, yaronmu kuwa ya haddace su tun yana riƙe da allo. Malamin da ya san haka jimla ɗaya ta ishe shi. Wanda bai sani ba sai ya zana baki da harshe a allo ya yi ta bayani da Faransanci, yaro yana kallo, bai san abin da ake nema yana cikin bakinsa ba. Tun ƙarni na 8 Sibawaihi ya jera mafitar haruffa a littafinsa, kuma wannan ilimi ya iso ƙasar Hausa tun kafin a gina jami'a ko ɗaya a yankinmu. Me ya sa za a shiga ajin furuci da ɗan Musulmin Garwa ko Marwa ko Maraɗi a yi kamar ba a taɓa koya masa inda harafi ke fitowa ba?

Bari in tare wata magana da na san za ta zo a wasiƙu. Wasu kan ce ai j ɗin Sifaniyanci gadon Larabawan Andalus ne. Ba haka ba ne. Garnaɗa ta faɗi a 1492, shi kuwa wannan sauti ya samu ne a ƙarni na 16 zuwa na 17, daga wani tsohon sauti mai kama da sh namu wanda ya yi ta ja baya zuwa hanɗa. Shi ya sa a bugun 1605 aka rubuta sunan Don Quixote da x, kuma shi ya sa har yau Meziko ke rubuta sunanta da x tana furta shi da خ. Kamannin gaskiya ne kuma yana da amfani a aji, ba ya bukatar a ƙaƙaba masa tarihin da ba nasa ba.

Abin da ya kayar da yaron kuwa ba ya cikin jadawalin ko kaɗan. Na farko p da f. Hausa ba ta raba su, sauti ɗaya ne da ke yawo tsakanin leɓɓa, a Kano ya fito f ko p, a Sakkwato da Maraɗi ya koma h ko hw. Sifaniyanci kuwa pino daban, fino daban. Na biyu, baƙaƙe biyu a jere a farkon gaɓa: bakin da ya mayar da kalmomin aro suka zama burodi da tirela da fulawa zai cusa wasali a cikin tres da plaza ba tare da mai shi ya ji ba. Na uku ya fi ɓoyuwa. A Hausa gajeren o da gajeren e ba sa zama da kyau a rufaffiyar gaɓa, sukan zame su koma a, shi ya sa muke cewa kwas da kwalta da gwal. Na ji yaron ya karanta costa ta fito kamar "kwasta". Na huɗu hamza, wadda muke sakawa gaban duk kalmar da ta fara da wasali, alhali masu Sifaniyanci manne kalmomi suke yi, los amigos ta fito lo-sa-mi-gos a numfashi ɗaya. Wannan ne ma ke sa ɗalibi ya ce suna magana da sauri, domin yana jiran tsayawar da ba za ta zo ba.

Sai babbar, wato ƙarfafa gaɓa. Término, termino, terminó: haruffa ɗaya, ma'ana uku, bambancin kawai gaɓar da aka danna. Hablo ina magana ne, habló kuwa wani ne ya yi magana. Kunnen Bahaushe, da ya saba da karin sauti, yana kama wannan da wuri, sai dai yakan kama shi ta hanyar da za ta yaudare shi daga baya. Yakan ɗauka gaɓar da aka ƙarfafa ita ce mai karin sama, ya haddace kalmar haka. Ran da aka sa kalmar a jimlar tambaya, murya ta tashi a wata gaɓa daban, sai ya rikice. Wannan darasi ne na makonni, yana bukatar malamin da ya san bambancin harshe mai karin sauti da harshe mai ƙarfafa gaɓa, kuma yawancin harsunan da ɗaliban Kamaru da Benin da Kwaddibuwa ke shigowa aji da su masu karin sauti ne.

Mutumin da ya kafa wannan fanni a Sifaniya, Tomás Navarro Tomás, da saurare da awo ya fara. Ya kafa ɗakin gwajin furuci a cibiyar nazarin tarihi ta Madrid ƙarƙashin Ramón Menéndez Pidal, ya fitar da Manual de pronunciación española a 1918, littafin da aka shafe kusan ƙarni ana sake bugawa. A shekarun 1930 ya jagoranci masu bincike suka zaga garuruwa da ƙauyuka fiye da 500 suna rubuta yadda manoma da makiyaya ke furta kalmomi. Yaƙin basasa ya katse aikin, shi kuma ya yi gudun hijira zuwa Amurka a 1939, inda ya koyar a Jami'ar Columbia, kundin farko na taswirar furucin da suka tattara bai fito ba sai 1962. Ko a gudun hijira bai bar hali ba, a 1948 ya fitar da nazarinsa kan Sifaniyancin tsibirin Puerto Rico. Masu kafa hujja da littafinsa a aji yau sun ɗauki dokokin sun bar ɗabi'ar da ta haife su, wato zuwa wurin mai magana a ji abin da yake yi da bakinsa.

Kuma a nan ne haƙurina ke ƙarewa. Yaron ya ce an rage masa maki domin ya furta z da s. A kan wane dalili? Masu jin Sifaniyanci a matsayin harshen uwa sun kai kimanin miliyan 500, kuma mafi rinjayensu, daga Meziko zuwa Ajantina, har da tsibiran Kanari da wani ɓangare na Andalus, da s suke furta ta. Duk wanda ke zama gidan kallon ƙwallo ya ji yadda ɗan wasan Madrid da ɗan Rosario ta Ajantina ke magana bayan wasa, ya san ba baki ɗaya ba ne. Ita kanta majalisar harshen ta Madrid, wadda aka kafa a 1713, da ta fitar da kundin furuci da tsarin sauti a 2011 tare da sauran majalisu, ta haɗa shi da faifan muryoyin ƙasashe daban-daban, ba ta ce ɗaya ce daidai ba. Ga kuma maƙwabciyarmu Ikwatoriyal Gini, inda Sifaniyanci yake harshen hukuma. John Lipski ya fitar da littafi kan furucin Malabo a 1985, Antonio Quilis da Celia Casado-Fresnillo suka biyo da nasu a 1995, majalisar harshen ƙasar ta samu kujera cikin ƙungiyar majalisun Sifaniyanci a 2016. Mutanen Malabo da yawa ba sa sassauta b da d da g, kuma ana jin karin harsunan Fang da Bubi a maganarsu. Masana daga nesa sun zo sun saurare su da girmamawa. Malamin da ke Kamaru, wanda tsibirin Bioko, inda Malabo take, ke kusa da gaɓar tekun ƙasarsa, shi ne zai kayar da ɗalibi domin bai yi kama da ɗan Madrid ba? Wannan zalunci ne, kuma ragwanci ne ya haife shi. Na yarda ɗalibin jami'a ya kamata ya iya furta z ɗin Madrid ya kuma rubuta ta da alamomin furuci, amma iyawa daban, tilastawa daban.

Za a ce Hausawan da ke karanta Sifaniyanci ba su da yawan da za a rubuta musu littafi, ni kuwa na ce Sifaniyanci darasi ne a sakandaren Kamaru, kuma Cibiyar Cervantes mai koyar da Sifaniyanci ba ta buɗe reshe a Dakar a 2021 don nishaɗi ba. Za a ce babu kayan aiki. Ɗakunan koyon harshe da aka kulle da kwaɗo, belun kunne sun mutu a ciki, na gaji da rubutu a kansu. Amma manhajar Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink suka ƙirƙira a Jami'ar Amsterdam, kyauta ce, kuma tsohuwar kwamfuta ma tana ɗaukarta. Da ita da wayar hannu ɗalibi zai ga hoton muryarsa, ya ga wasalin da ya cusa a tres da idonsa, ya ga hamzar da ya saka a los amigos. Kalmomin koyarwa ma muna da su. Farfesa Mu'azu Sani Zariya da takwarorinsa sun daɗe da ba mu baleɓe da bahanƙe da bahanɗe, da tsayau da zuzau, ana koyar da su a sassan Hausa na Kano da Zariya da Sakkwato.

Abin da ya rage shi ne mutum biyu su zauna a ɗaki ɗaya, masanin tsarin sautin Hausa da malamin Sifaniyanci, in da hali da malamin tajwidi na uku. Su naɗi muryoyin ɗalibai Hausawa suna karanta jimloli iri ɗaya, su ware kurakuran da ke maimaituwa, su rubuta ɗan littafi da Hausa wanda zai fara da p da f, ya bi da rufaffiyar gaɓa da hamza, ya ba ƙarfafa gaɓa rabin shafukansa, ya gama da r a shafi ɗaya. Aikin digiri na biyu ne mai kyau ga duk ɗalibin da ke neman batu, kuma sassan Fulfulde da Kanuri za su iya bin sawu da nasu.