Yadda Ya Kamata a Tantance Mai Gadin Dajin Kamuku

Sanin kowa ne cewa idan za a ɗauki ma'aikaci a ƙasar nan, akan zaunar da shi gaban manya uku ko huɗu su yi masa tambayoyi, wato intabiyu. Sau da yawa abin kan koma hira: ina ka yi karatu, ɗan gidan wa ne kai? Wanda ya fi zuba Turanci shi ke tsira.

Wannan hanya ba ta dace da aikin gadin daji ba. Dajin Kamuku da ke ƙasar Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka kuma mai da shi gandun daji na ƙasa a 1999, ya haura murabba'in kilomita 1,100, kuma ya sha fama da 'yan bindiga. Mai gadin da aka zaɓa bisa kuskure yana iya ɓata a dawa, ko ya jefa abokan aikinsa cikin halaka.

Masana sun auna wannan al'amari. A 1998 Frank Schmidt da John Hunter na Amurka sun tattara binciken shekaru 85 kan ɗaukar ma'aikata, domin gano hanyar da ta fi nuna wanda zai iya aiki. A ma'aunin da ya tashi daga 0 zuwa 1, hirar kara-zube ta sami 0.38, intabiyu mai tsari 0.51, gwajin aiki a aikace kuwa 0.54. Da Paul Sackett da abokansa suka sake lissafin a 2022, intabiyu mai tsari ce ta zo kan gaba.

Tsarin ba wuya gare shi ba. A yi wa kowa tambayoyi iri ɗaya, kowane alƙali ya rubuta makinsa kafin su tattauna. Alal misali: idan ka kama ƙanen mahaifinka da naman gwanki, yaya za ka yi? Tambaya ce mai nauyi, domin ɗan gari ne ya fi sanin daji, kuma shi ne zumunci ya fi ɗaurewa.

Daga nan sai a fita fili. Matashin Kutemeshi da ya tashi a noma da kiwo zai iya daburcewa gaban tebur, amma a kai shi dawa ya bambance doka da maje, ya faɗi sawun jiya da na yau, ya nuna gabas ba tare da kamfas ba. Shi ma mai takardar difloma a ba shi wannan gwaji, a kan ƙafarsa, da rana tsaka.