Kimiyya A Sauƙaƙe: Ranar Da Saƙonnin Google Suka Yi Ɓatan Kai

Duk saƙon da aka aika ta intanet tafiya yake yi zango-zango, kamar ayarin fatake. A kowane zango akwai wata na'ura da ma'aikata ke kira rauta, aikinta shi ne ta dubi adireshin saƙon, sa'an nan ta miƙa shi ga na'ura ta gaba.

Sanin hanya kuwa daga maƙwabta take samunsa. Kowane kamfanin sadarwa yakan yi wa maƙwabtansa shelar adireshin da ake kai wa ta wurinsa, su kuma su yaɗa gaba. Wannan ƙa'ida ita ake kira BGP, wadda injiniyoyi biyu, Kirk Lougheed na Cisco da Yakov Rekhter na IBM, suka tsara cikin 1989. Bisa amana aka gina ta, watau abin da maƙwabci ya faɗa sai a gaskata.

Ran 12 ga watan Nuwamba, 2018, kamfanin MainOne da ke Ikko ya yi kuskure wajen saita na'urorinsa. Hanyoyin zuwa Google da ya kamata ya riƙe domin abokan cinikinsa, sai ya shelanta su ga kamfanin China Telecom. Shi kuma bai bincika ba ya miƙa wa TransTelecom na Rasha, labari ya bazu. Nan da nan saƙonnin mutane da yawa a Amurka da wasu ƙasashe suka karkata ta Rasha da Sin, can suka maƙale. Sai bayan minti 74 al'amura suka daidaita, daga baya MainOne ya fito ya ce kuskurensa ne.

Ba a kan Nijeriya aka fara ba. Cikin watan Fabrairu na 2008 gwamnatin Pakistan ta ba da umurni a toshe YouTube a cikin ƙasarta. Kamfanin wayar ƙasar ya shelanta hanyar ƙarya domin amfanin gida, amma shelar ta kuɓuce zuwa waje, YouTube ya ɗauke a yawancin duniya har wajen awa 2.

Maganin abin sananne ne. Tilas kowane kamfani ya sa matata a kan rautarsa, ya rubuta mata adireshin da aka yarda maƙwabci ya shelanta, ta ƙi karɓar saura. Har ila yau akwai tsarin RPKI, wanda mai adireshi ke sa hannu ya bayyana kamfanin da ke da ikon shelanta shi. A Afirka hukumar AFRINIC ce ke ba da wannan shaida.

Yanzu da albashi da cinikin 'yan kasuwa da rajistar jarrabawa duk suka dogara ga waɗannan hanyoyi, lalle ya kamata bankuna da jami'o'i da ma'aikatun gwamnati su riƙa tambayar kamfanin da ke ba su intanet ko ya yi wannan tanadi, tun kafin su sa hannu a kwangila. Rigakafi, in ji masu iya magana, ya fi magani.