Wanda ya ce ka yaga sammaci ba masoyinka ba ne



Akwai wata fatawa da ke yawo a majalisu da teburin mai shayi a nan cikin birni, daga Koki har bakin Kurmi, yanzu kuma ta shigo Facebook. Wai in an kawo maka sammacin kotu a kan bashin haraji, ka ninke ka tura ƙarƙashin tabarma, ba abin da zai faru. Wasu ma cewa suke ka yaga. Masu ganin sun fi kowa wayo kuma su ce ka ja wanda ya kawo takardar gefe, ka ba shi na goro, magana ta mutu. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne masu wannan fatawar suna yin ta ne da sunan kishin talaka. Wallahi ba kishi ba ne, tura mutum rami ne. Ranar da aka garƙame wa tela shagonsa, ko aka zo da takardar kamu, ba za ka ga ko ɗaya daga cikinsu a bakin kotu ba.

Na san abin da wasu za su fara rubutawa a ƙasa: "Ai kai ma'aikacin gwamnati ne, dole ka kare su." To ku ji. Ni harajina tun kafin albashi ya shigo ake cire shi, kowane wata, ba wanda ya taɓa neman shawarata. Don haka in ana maganar wanda yake da haƙƙin ya tambayi ina kuɗin suke tafiya, ina sahun gaba. Ba gwamnati na zo karewa ba. Na zo ne in ce hanyar da kuke nuna wa mutane ita ce ta fi yi wa azzalumin mai karɓar haraji daɗi.

Mu fara da abin da sammaci yake nufi. Sammaci ba hukunci ba ne. Kira ne: an ce ana bin ka kaza, zo ka faɗi naka. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya ba kowa haƙƙin a saurare shi kafin a yanke masa hukunci. Amma haƙƙin na wanda ya je ne. In ka ƙi zuwa, alƙali zai ji ɓangare ɗaya, ya yi hukunci a bayan idonka, kuma adadin da aka rubuta, ko daidai ne ko an yi masa ƙari, shi zai zauna a kanka. In tuhuma ce ta laifi, ana iya ba da umarnin a kamo ka. Da bashin haraji kawai ake bin ka, yanzu ka ƙara da raina kotu. Me ka ci riba?

Ga inda masu fatawar ba su taɓa kaiwa ba. A lungu, mai karɓar haraji shi ne sarki. Ya zo da riga mai tambari, da kwaɗo a hannu, ya faɗi adadin da ya ga dama, kai kuma kana tsoron a rufe maka wurin neman abinci. Amma a gaban alƙali shi ne mai da'awa, shi zai kawo hujja. Wace doka ce ta ɗora wannan kuɗin? Nawa dokar ta ce? Wace shekara da wace shekara ake bi? Yaushe aka kawo takardar neman biya, wa ya karɓa? Kotu ce wuri ɗaya da mai shagon ɗinki zai tsaya ya ce a buɗe littafi, kuma dole a buɗe. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. To wanda ya hana ka zuwa can, wa ya taimaka? Kuma wanda ya ba da na goro, ya sani cewa sunansa yana nan a littafi, bashin yana nan yana ƙaruwa, baɗi wani zai zo da sabuwar takarda.

Na ga wannan da idona a kan wani dattijo mai ƙaramin shago a unguwarmu. An kawo takarda da sunan mahaifinsa da ya rasu tuntuni, da ariyas na shekarun da shagon ma a rufe yake. 'Yan majalisa suka ce ya share. Ɗansa ya ƙi, ya tattara tsofaffin rasit da ke cikin wata jakar leda, suka je. Da aka zauna aka bi shekara-shekara, abin da ya tabbata a kansu bai kai abin da aka rubuta ba, aka kuma yarda su biya kaɗan-kaɗan. Ba lauya suka ɗauka ba, ba wani babba suka kira ba. Rasit ne da zuwa a kan lokaci.

Saboda haka in takarda ta zo maka, ga abin yi. Da farko ka duba ko sammaci ne na gaske ko takardar neman biya ce kawai, don ba ɗaya ba ne, kuma 'yan damfara suna buga nasu. Na gaske yana da sunan kotu, lambar ƙara, ranar zama, sa hannu da hatimi. Ka taka da ƙafarka zuwa wurin rajistaran kotun ka tabbatar. Na biyu, ka tattara duk rasit da takardar banki da ta haya ko ta gado. Mu a cikin birni yawancin gidajenmu na gado ne, gida ɗaya magada goma, shago a jikin soro an ba wani haya, don haka sau da yawa wanda aka rubuta ba shi ya kamata ya biya ba. Na uku, ka nemi a rubuta maka lissafin dalla-dalla: asalin kuɗin daban, tara daban. In harajin kuɗin shiga ne aka yanka maka kana ganin ya yi yawa, doka ta ba ka kwana 30 ka rubuta ƙin amincewa, kar ka bari su wuce. Na huɗu, ka je ranar zama, da wuri. In bashin gaskiya ne ka amsa, ka roƙi a raba maka biya, kuma a rubuta yarjejeniyar a gaban kotu. Na biyar, ko sisi kar ka damƙa a hannun mutum. Asusun hukuma, rasit na hukuma. In ba ka da halin lauya akwai hukumar ba da tallafin shari'a ta tarayya, in kuma wani ya nemi cin hanci akwai hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci ta jiha. Hukunci bai yi maka ba, ƙofar ɗaukaka ƙara a buɗe take.

Sai masu cewa, "Ai Rimi ya soke haraji." Gaskiya ne, a 1979 Muhammadu Abubakar Rimi ya soke haraji da jangali a Kano, Balarabe Musa ma ya yi haka a Kaduna, kuma wannan na cikin abin da Malam Aminu Kano da 'yan NEPU suka sha ɗauri da duka a kansa tun shekarun 1950. Amma wane haraji aka soke? Na kai, wanda ake ɗora wa kowane baligi ko yana da shi ko ba shi da shi, wanda ya sa magidanta gudu daga garuruwansu, da kuma na shanu. Ba a soke kuɗin rumfar kasuwa ba, ba a soke na shago ba. Kuma 'yan NEPU ba ɓuya suka yi a ɗaki ba. Gaban alƙali suka riƙa tsayawa suna faɗin abin da ke bakinsu, a lokacin da yin hakan yana iya kai mutum gidan yari. Kar a ɗauki sunan jarumai a lulluɓe tsoro da shi.

Kano kuwa ba yau ta san haraji ba. Baturen nan Barth da ya zo a 1851 ya tarar ana karɓar kuɗin ƙasa, har da kuɗin karofi a kan marina. Garin da kasuwarsa ta Kurmi ta kafu tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, unguwar da ta fitar da gidan Alhassan Ɗantata, ba za a koya mana lissafi ba. Ɗan kasuwar Kano ya san bashi hanji ne, yana cikin kowa, kuma ya san ba a gudun mai bin bashi, zama ake a buɗe littafi. Me ya sa in gwamnati ce ke bin mu sai mu manta da wannan tarbiyyar?

Ko a Ingila haka abin yake. A 1990 gwamnatin Margaret Thatcher ta ƙaƙaba harajin kai, mai kuɗi da talaka kusan kuɗi ɗaya. Miliyoyin mutane suka ƙi biya, aka yi ta tura musu sammaci. Da yawansu ba yagawa suka yi ba, cika kotunan suka yi, kowa yana neman a saurare shi, har shari'o'in suka yi wa kotuna yawa. A watan Nuwamba na shekarar Thatcher ta sauka, a 1993 aka maye gurbin harajin da wani wanda ake yankawa gwargwadon darajar gida. Har yau in mutum bai biya ba, sai an aiko masa da takardar tuni kafin a kai ga sammaci. Mataki-mataki ake bi.

Wannan ya kawo ni kan ɗaya ɓangaren, don ba zan yi wa talaka faɗa in bar masu kujera ba. Ranku ya daɗe, sammaci shi ne matakin ƙarshe, ba na farko ba. Ba daidai ba ne a yi shekaru ba wanda ya leƙo, ba takardar tuni, ba bayani, rana ɗaya a tara wa mutum ariyas da tara a ce ya zo kotu. Wanda ya yi barci a kan aikinsa shekara da shekaru shi ma yana da laifi, bai kamata mai shago kaɗai ya ɗauki nauyin ba. Ba daidai ba ne a rubuta takarda da Turancin lauyoyi a miƙa wa wanda Hausa da ajami ya iya. Mene ne wahalar buga ta da Hausa? Ba daidai ba ne yau 'yan ƙaramar hukuma su zo, gobe 'yan jiha, jibi wasu da ba a san daga ina suke ba, duk a kan shago ɗaya. Tun 1998 aka yi dokar da ta jera harajin da tarayya za ta karɓa, da na jiha, da na ƙaramar hukuma, ta kuma hana tare hanya don karɓar haraji. A liƙa jerin a ƙofar kowace sakatariya da kowace kasuwa mana, da adadin kowanne, kowa ya gani.

Sannan jadawali na huɗu na kundin tsarin mulki, wanda ya ba ƙaramar hukuma ikon kuɗin gidaje da kula da shaguna da kasuwanni da tashoshin mota, shi ne dai ya ɗora mata kwashe shara da gyaran tituna da magudanan ruwa. Takarda ɗaya ce. Ba za a karanta layin karɓa a tsallake layin aiki ba. Duk wanda ke zaune a cikin birni ya san yadda lungunanmu suke komawa in damina ta yi nisa, ya san kwatamin da yara ke tsallakawa kafin su kai makaranta. Ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke cewa a riƙa tura wa ƙananan hukumomi 774 kuɗinsu kai tsaye. Mu a Kano muna da 44. Wanda ke neman mai shayi ya kawo rasit ɗinsa na shekaru, shi ma ya fito da nasa: nawa ya shigo, nawa aka tara a kasuwa, me aka yi da shi. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Kuma a fara daga sama. In aka ga hukuma ta bi manyan kamfanoni da masu manyan plaza da irin zafin da take bin mai kanti, ba wanda zai yi gunaguni. Amma in babba zai ɗaga waya a janye takardarsa, ƙarami kuma a sa masa kwaɗo, to kar a yi mamaki in mutane sun ɗauki haraji a matsayin fashi da biro.

Ga kuma sababbin dokokin haraji huɗu da Shugaba Tinubu ya sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, waɗanda aka tsara su fara aiki a Janairun 2026. A ciki an yafe harajin kuɗin shiga ga wanda abin da yake samu bai wuce naira 800,000 a shekara ba, an kuma tanadi ofishi na musamman na sauraren koken masu biyan haraji. An yi ta rigima a kan dokokin nan a Arewa, kowa da ra'ayinsa. Amma wanda bai san abin da aka yafe masa ba, za a karɓa a hannunsa ya yi godiya. Rashin sani ya fi dare duhu.

Ina kira ga masu unguwanni da limamai da shugabannin ƙungiyoyin 'yan kasuwa da matasanmu da suka karanta lauya: in sammaci ya shigo unguwa, kar a bar mutum shi kaɗai da tsoronsa. A karanta masa, a raka shi. In mutum ashirin aka kira daga layi ɗaya, su je su ashirin, kowa da rasit ɗinsa, su yi tambaya iri ɗaya. Abin da ya tabbata a biya, abin da bai tabbata ba a ƙi shi a gaban alƙali, ba a bayan gida ba.

Mai ganin ba haka ba ne, ga fili nan, ya kawo hujja ban da zagi. Wanda kuma yake da ɗan uwa da takarda ke ƙarƙashin tabarmarsa yanzu haka, ya tura masa wannan kafin ranar zama ta wuce.

Allah ya rufa mana asiri, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci.