Millom: masana'anta ta mutu, kulob yana nan

Masu karatu, filin wasanni na wannan mako ya leƙa wani ƙaramin gari mai suna Millom, a bakin teku, can arewa maso yammacin Ingila. Garin bai shahara da dukiya ba, amma yana da kulob ɗin ƙwallon zari-ruga da aka kafa tun 1873, wanda ake ɗauka shi ne mafi tsufa a duniya cikin kulob-kulob na sa-kai masu wasan ƴan goma sha uku, wato abin da Faransawa ke kira rugby à XIII.

Tama ce ta haifi garin. Da aka soma haƙar ta a Hodbarrow, aka kuma gina masana'antar narkar da ƙarfe, sai leburori suka yi ta kwararowa. Cikinsu ne kulob ɗin ya samu ƴan wasa. A wancan zamani lebura yana aiki har ranar Asabar, ranar da ake wasa. Duk wanda ya bar aiki don ya shiga fili, an yanke masa ladan yinin. Kulob-kulob na arewa suka nemi a yarda su riƙa mayar wa ɗan wasa abin da ya rasa, shugabannin wasan da ke Landan suka ƙi. Ranar 29 ga Agusta 1895, a birnin Huddersfield, kulob 22 suka ɓalle, suka kafa tasu ƙungiya, suka tsayar da sule shidda a matsayin diyyar yini guda. Millom ya bi sahunsu a 1897.

Shekaru kaɗan ya yi yana karawa da manya, yana biyan ƴan wasa. Sai dai ƙaramin gari ba ya tara ƴan kallon da za su riƙe irin wannan ɗawainiya. A 1906, shekarar da aka rage yawan ƴan wasa daga 15 zuwa 13, Millom ya fita daga sahun masu biya, ya koma wasan sa-kai. Ana iya ganin haka kamar faɗuwa ce. Abin da ya biyo baya ya nuna akasin haka.

A 1968 aka rufe masana'antar ƙarfe da ramukan Hodbarrow. Iyalai da yawa suka rasa abin yi. Inda ake haƙar tama ya cika da ruwa, yau tafki ne da ake kiyaye tsuntsaye. Da a ce kulob ɗin yana rayuwa ne da aljihun kampani, da tare aka binne su, domin zanen aro ba ya rufe katara. Amma abin da ke riƙe da irin waɗannan kulob aikin gayya ne. Mai horarwa ba ya karɓar albashi, daga wurin aikinsa yake wucewa fili. Wani ya yanke ciyawa, wani ya ja layi, wasu su wanke riguna, iyaye su kwashi yara a motocinsu zuwa wasan waje. Kuɗin ƙwallo da na tafiya daga karo-karon membobi suke fitowa, da tombola, da ɗan cinikin zauren kulob. Sakatare da ma'aji kuwa su kwana kan takardu ba ko sisi.

Da masu wasan sa-kai na Ingila suka kafa ƙungiyarsu ta BARLA a 1973, wasan ya sake farfaɗowa. A 1986 aka buɗe gasar ƙasa ta sa-kai da kulob 10, Millom yana cikinsu. A 2023 ya cika shekara 150.

Ɗan kasuwa ya san mai jari yana janye hannu ranar da riba ta ƙare. Ma'aikaci ya san kasafin bana ba shi ne na baɗi ba. Kulob ɗin da mutanen gari ke ɗauka a kansu, barazanarsa guda ce: ranar da aka kira gayya, aka rasa mai fitowa. Shi ya sa babban aikin irin su Millom yake wurin yara ƙanana, domin yaron da aka koya wa riƙon ƙwallo yau, shi ake fatan zai ja layin fili idan gwiwa ta gaji.

Sai mako mai zuwa.