Ka yafe wa direba, amma wa ya ce ka yafe wa kamfanin inshora?

Bara, ranar kasuwar Goronyo, wata mota da ta ɗauko albasa ta kaɗe wani abokina ɗan kabu-kabu. Ƙafarsa ta karye gida biyu. Kafin magariba dattawa sun zauna, direba ya ajiye kuɗin mai ɗori, mahaifin yaron ya ce: "Ƙaddara ta, mun yahe." Aka shafa fatiha aka watse.

Bayan mako uku ƙafa ta kumbura, dole aka garzaya da shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Aka sayar da babur, aka jinginar da gonar fadama. Har yau yana ɗingishi, kuma babu wanda ya tambayi direban nan takardar inshorarsa.

Ni ba na faɗa da yafiya, hali ne na mutanen kirki. Tambayata ita ce, wa muka yafe wa? Tun 1945 dokar Najeriya ta wajabta wa duk abin hawa inshorar da ke biyan wanda aka yi wa ɓarna. Daga Janairun 2023 hukumar NAICOM ta mai da kuɗinta naira 15,000 a shekara ga motar gida, 3,000 ga babur. Idan mota ta lalata dukiyar wani, kamfani zai biya har naira miliyan 3, kuma rauni da rasa rai suna ciki. Kenan idan muka yi shiru, kamfanin da ya karɓi kuɗin direba ne ya ci riba. Direban ma da aljihunsa ya biya mai ɗori.

Za a ce mini, "Kai malam, inshora ai takardar nuna wa 'yan sanda ce." Gaskiya ne, haka da yawa suka ɗauke ta, shi ya sa ake saye a hannun 'yan cuwa-cuwa, a tashi da jabu. Tun da 'yan sanda suka matsa da bincike a Fabrairun 2025, kowa na neman takarda, amma kaɗan ne ke duba ingancinta. Alhali danna *565*11# a waya da lambar mota ya isa ka gane.

Wasu kuma za su ce haramun ce. To, akwai kamfanonin takaful masu lasisi, irin su Jaiz Takaful da Noor Takaful, da aka gina kan taimakekeniya. Kuma a Shari'a ma, diyyar kisan kuskure dangin wanda ya yi ne ke haɗa ta, don kada nauyin ya karya mutum ɗaya. Neman hakkin wanda aka raunata bai saɓa wa imani da ƙaddara ba.

Na yarda, daga Goronyo ko Rabah zuwa ofishin kamfani a Sakkwato wahala ce, kuma kamfanoni na jan ƙafa. Amma wanda bai nema ba, ba zai ce an hana shi ba.

Saboda haka 'yan uwana matasa, mu da ke riƙe da waya, aikin namu ne. Haɗari ya faru a hanyar Achida ko Wurno, a fara kai mai rauni asibiti. Sannan a ɗauki hoton lambar mota da takardar inshora, a kai rahoto ga 'yan sanda, a adana duk rasit da rahoton likita, a sa mai mota ya sanar da kamfaninsa da wuri. Kamfani ya ƙi biya, a kai ƙorafi NAICOM. Kada kuma a rufe sulhu kafin likita ya faɗi girman raunin.

Kai ɗan kabu-kabu, ka sani inshorar nan wanda ka kaɗe take biya, ba ta biyan ƙafarka. Don haka rage gudu, sa hular kwano.

Allah Shi tsare mu, Shi ba marasa lafiyarmu sauƙi.